Black Panther a Dajin Sambisa: Abin da fim ɗin ya gani da abin da mutanen Konduga suka sani

Ranar Juma'a 16 ga Fabrairu, 2018, aka fara haska fim ɗin Black Panther ga jama'a a Amurka, kuma a ƙarshen makon nan guguwarsa ta iso Legas da Abuja, inda matasa suka riƙa cin ado da kayan gargajiya suna bin layi a ƙofar silima kamar masu zuwa ɗaurin aure. A daren wannan Juma'ar ce 'yan ƙunar baƙin wake uku suka tayar da bama-bamai a kasuwar kifi ta Konduga, a Jihar Borno, mutum kusan 20 suka rasu. Kwana uku bayan haka, ranar Litinin 19 ga wata, aka kwashe ɗalibai mata 110 daga makarantar sakandaren Dapchi ta Jihar Yobe.

Da fim ɗin wani labari ne na can wata duniya, da babu dalilin jera waɗannan abubuwa wuri guda. Amma faɗan farko da jarumin ya yi a cikinsa, a Dajin Sambisa aka ce ya yi shi, har an rubuta sunan dajin da na Najeriya ɓaro-ɓaro a jikin allo. Sambisa kuwa maƙwabcin Konduga ne. Manoman wannan ƙaramar hukuma da masu itacenta da mafarautanta sun san bakin dajin kamar yadda ma'aikacin Sakatariyar Tarayya ya san hanyar Nyanya. Saboda haka idan za a auna fim ɗin, nagartarsa da kasawarsa, babu ma'aunin da ya fi wannan gari dacewa.

Mintoci kaɗan a cikin duhu

Ga yadda fitowar take. Dare ne, ayarin motoci na ratsa daji, an loda mata a baya, 'yan bindiga na gadinsu. Yarima T'Challa, wanda mahaifinsa bai daɗe da rasuwa ba, ya diro daga jirgin da ido ba ya gani, sanye da rigarsa ta baƙar damisa wadda harsashi ba ya hudawa. Kafin ƙiftawa da Bismillah ya gama da masu gadin. Sai ga shi a cikin matan akwai Nakia, 'yar leƙen asirin ƙasarsa ta Wakanda kuma tsohuwar budurwarsa, wadda ta saje da su da gangan. Maimakon godiya, faɗa ta yi masa cewa ya ɓata mata aiki. Shi kuwa ya shaida mata abin da ya kawo shi: gobe za a naɗa shi sarki, yana son ta halarta.

A nan mai kallo daga Borno zai fara gyara zama. Ashe jarumin bai zo don matan ba. Budurwarsa ya zo ɗauka, ceton ya zo a kan hanya. Da aka gama kuma, Janar Okoye, shugabar dogaran sarki, ta gargaɗi matan kada su faɗa wa kowa abin da suka gani, aka bar su a tsakiyar daji da dare, jirgi ya tashi. Ba a ji sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, ba a sake waiwayarsu ba har fim ya ƙare. Sunan Boko Haram ma ba a ambata ba, ko da yake ba sai an gaya wa kowa ba.

Sai dai a cikin wannan fitowa akwai abu guda da masu fim ɗin suka dace da shi ƙwarai. T'Challa ya juya zai gama da ɗan bindiga na ƙarshe, Nakia ta tare shi, ta nuna masa cewa yaro ne, shi ma sato shi aka yi. Ta ce matan su tafi da shi, a mayar da shi wurin danginsa. Wannan 'yar magana ta taɓo tambayar da ta fi kowace ciwo a Borno ta yau: yaron da aka ɗauke yana kiwo ko yana makarantar allo, aka ɗora masa bindiga, mai laifi ne ko wanda aka zalunta? Gwamnatin Tarayya ta kafa shirin Operation Safe Corridor a 2016, da sansaninsa a Malam Sidi ta Jihar Gombe, domin amsa irin wannan tambaya. Bayan mutuwar Abubakar Shekau a cikin Sambisa a watan Mayun 2021, dubban mutane suka riƙa fitowa suna miƙa wuya, maza da mata da yara, har ta kai hukumomin Borno na neman inda za su ajiye su. Fim ya warware matsalar da jimla ɗaya. A zahiri kuwa, macen da aka kashe mijinta a gabanta ita ake roƙo ta zauna unguwa ɗaya da wanda ya dawo daga daji, kuma ba kowace ce ke iya haɗiye wannan ba.

Daga takarda zuwa allo

Baƙar Damisa ba jiya aka haife shi ba. Stan Lee da Jack Kirby, Turawan Amurka biyu, su suka ƙirƙiro shi a mujallar zane ta Fantastic Four, fitowa ta 52, a watan Yulin 1966, wato watan da aka yi juyin mulki na biyu a Najeriya. Tun daga nan marubuta daban-daban suka yi ta ƙara masa gini. Don McGregor ya kawo abokin gabarsa Killmonger a 1973. Christopher Priest, baƙar fata, ya kawo rundunar mata ta Dora Milaje da Nakia da Ba'amurken nan Everett Ross a 1998. Reginald Hudlin ya kawo ƙanwarsa Shuri a 2005. Ta-Nehisi Coates ya karɓi alƙalamin a 2016, ya cusa wa labarin tambayar ko ya halatta mutum ɗaya ya mallaki al'umma don kawai an haife shi a gidan sarauta.

Aikin darakta Ryan Coogler da abokin rubutunsa Joe Robert Cole shi ne su tace wannan tarin labari na shekara 50 su fitar da fim na awa biyu da 'yan mintoci. A wannan fanni sun nuna gwaninta, musamman wajen sanin abin da za a zubar. A littafin zane, Dora Milaje 'yan mata ne da ake tanada a matsayin matan da sarki zai iya aura. Fim ya cire wannan, ya mayar da su zaratan sojoji masu biyayya ga gadon sarauta. Nakia ta littafi yarinya ce da son sarki ya haukata har ta zama muguwa. Ta fim mace ce mai ra'ayin kanta, ita ce ma ta fara cewa bai kamata Wakanda ta rufe ƙofa alhali maƙwabta na cikin wahala ba. M'Baku kuwa a littafi laƙabinsa na da alaƙa da goggon biri, abin da ba zai yiwu a kira baƙar fata da shi a allo ba, sai aka jefar da laƙabin aka bar mutumin, ya zama ɗaya daga cikin waɗanda 'yan kallo suka fi so, da harshensa mai ƙamshin Inyamuranci.

Babban ƙarfin fim ɗin shi ne mugunsa. Killmonger, wanda Michael B. Jordan ya fito a matsayinsa, ɗan gidan sarauta ne da aka yasar a unguwar talakawa ta Oakland bayan an kashe ubansa. Ƙorafinsa gaskiya ne: ƙasar da ke da arziki da ilimi ta naɗe hannu tana kallo aka yi cinikin bayi, aka yi mulkin mallaka. Maganinsa ne ɓatacce, domin so yake ya raba makamai duniya ta kama da wuta. Da wuya a samu fim irin wannan da jarumi zai kayar da abokin gaba amma ya koma ya yi aiki da rabin hujjarsa. Fitowar da ya tsaya a gidan tarihi na Landan yana tambayar ma'aikaciya yadda kakanninta suka samo kayan Afirka da ke cikin gilashi, ta yi daidai da muhawarar da ake yi kan tagullar Benin da sojojin Ingila suka kwashe a 1897.

Ido ma ya sha kallo. Ruth Carter, wadda ta tsara sutura, ta ɗebo daga bargunan Basotho, da wuyan ƙarfe na Ndebele, da hular matan Zulu, da rawani da shuɗin Buzaye. Hannah Beachler, mai tsara wurare, ta gina birni mai dogayen benaye da ke tuna wa mutum ginin ƙasa na Timbuktu. Muryar Baaba Maal na Senegal ce ke tarbar mai kallo idan an shiga Wakanda. Fim ɗin da aka kashe wa kimanin dala miliyan 200 ya tara fiye da dala biliyan 1.3, ya shiga takarar Oscar a rukuni bakwai har da na gwarzon fim, abin da wani fim na irin waɗannan jarumai bai taɓa samu ba kafinsa, ya lashe uku: sutura, tsara wurare da kiɗa. Shi ne kuma fim ɗin da Saudiyya ta buɗe silima da shi a Riyad a watan Afrilun 2018, bayan shekara 35 ana rufe.

Dajin da ba shi ba ne

To, amma wannan ɗebe-ɗeben da ya ƙawata fim ɗin shi ne kuma rauninsa. An haɗa Afirka gaba ɗaya an dama kamar fura: harshen Xhosa na Afirka ta Kudu, rubutu mai kama da Nsibidi na Kuros Riba, leɓen faranti na kudancin Habasha, duk a ƙasa ɗaya. Ga Wakanda, wadda ƙirƙirarriya ce, ana iya yafe wannan. Sambisa kuwa akwai shi, yana da taswira, yana da mutane.

Dajin da aka nuna a allo kurmi ne mai duhu, dogayen itatuwa sun rufe sama, ganye ko'ina shar, irin wanda ake gani a kudancin Kamaru. Wanda ya taɓa bin hanyar Maiduguri zuwa Bama ya san ba haka ƙasar take ba. Sambisa dajin savana ne, na tsamiya da kuka da kanya da sarƙaƙƙiyar ƙaya, wanda ke bushewa ƙurmus da rani, ya koma laka da fadama da damina har mota ta kasa motsi. A da gandun namun daji ne na gwamnati. Wahalarsa ga soja tana cikin faɗinsa, da ƙayar da ke hana kutsawa, da nakiyoyin da aka binne a hanyoyi. Yawancin fim ɗin a Atlanta ta Jihar Jojiya aka ɗauke shi, sai wani yanki a Busan ta Koriya ta Kudu, kuma da gani an san wanda ya zana wannan daji tsohon hoton Afirka na fina-finan Tarzan ne a kansa. Abin mamaki shi ne titunan Busan an je an ɗauko su yadda suke, da kasuwar kifinsu da gadarsu. Kasuwar kifin Konduga ba ta samu wannan gata ba.

Wani zai ce ai fim ne, nishaɗi ne, me ya kawo lissafin itatuwa? Amsar ita ce miliyoyin mutane a duniya ba su da wani hoton Sambisa a ransu sai wannan. Ma'aikacin ƙungiyar agaji da ke zaune a Janeba, da ɗan majalisar Amurka da zai kaɗa ƙuri'a kan sayar wa Najeriya jiragen yaƙi, da ma wani hadimin minista a Abuja da bai taɓa wuce Damaturu ba, duk suna iya ɗaukar abin da suka gani a matsayin kusan gaskiya.

Kuskuren da ya fi na itatuwa girma shi ne na wanda ya yi ceto. A fim, matan na zaune shiru har mai ceto ya faɗo daga sama. Tarihin da aka rubuta da jini ya nuna akasin haka. Daga cikin 'yan matan Chibok 276 da aka sace a daren 14 ga Afrilu, 2014, guda 57 da ƙafarsu suka tsira, wasu ta hanyar dirowa daga mota tana tafiya a cikin duhu. Ta farko da aka gano bayan shekara biyu, a watan Mayun 2016, 'yan sa-kai ne suka ci karo da ita a bakin dajin, da jaririya a hannu. Guda 21 da aka sako a Oktoban 2016 da 82 na Mayun 2017, ta hanyar tattaunawa aka karɓo su, da sa hannun gwamnatin Suwizalan da ƙungiyar Red Cross ta duniya. Aiki ne na watanni, na waya da jira da rashin tabbas, wanda ba ya kyan kallo a silima.

Konduga kanta tana da labarin da ya fi na allo nauyi. A watan Agustan 2013 an harbe masallata 44 a garin. A Fabrairun 2014 aka sake afka masa, aka kashe mutane da dama, aka ƙone gidaje masu yawa. Da Gwoza ta faɗi a Agustan 2014, Bama ta bi baya a farkon Satumba, babu wani babban shinge da ya rage tsakanin mayaƙan da Maiduguri ta wannan hanya sai Konduga. A nan sojojin Najeriya suka ja daga a tsakiyar Satumba, suka fatattaki hare-haren da aka kawo, suka ƙwace motoci da makamai. Waɗanda suka tsaya a ranakun nan ba su da rigar da harsashi ba ya hudawa. Haka matasan Civilian JTF, waɗanda aka fi sani da Kato da Gora, da suka taso a Maiduguri a 2013 da sanduna da adduna. Su ma ba waliyyai ba ne, an zarge su da wuce gona da iri, kamar yadda aka zargi sojojin, kuma irin wannan cakuɗuwar jarumta da laifi ita ce fim ɗin da ya rabe duniya gida biyu ba ya iya ɗauka.

Akwai wasu kurakuran da masu sharhi suka daɗe da nunawa. Faɗan ƙarshe tsakanin T'Challa da Killmonger a kan titin jirgin ƙarƙashin ƙasa siddabarun kwamfuta ne da bai nuna ba, mutanen biyu sun koma kamar 'yan tsana a wasan bidiyo. Ƙasar da aka ce ta fi kowace ci gaba a duniya, da kokawa a bakin ruwa take zaɓen shugaba, har baƙon da ya iso jiya ya karɓe mulki da makamai cikin yini ɗaya, abin da duk wanda ya san yadda masu zaɓen sarki ke aiki a Borno ko Kano zai yi wa murmushi. Sannan Everett Ross, wanda a littafi ma'aikacin Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ne, fim ya mayar da shi jami'in CIA mai kirki da ke taya Wakanda yaƙi. A nahiyar da ba ta manta da abin da ya faru da Patrice Lumumba a 1961 ba, wannan zaɓi ne mai wuyar haɗiyewa. Da sarki ya yanke shawarar buɗe ƙofa a ƙarshe kuma, cibiyar tallafinsa ta farko a Oakland ta Kalifoniya ya kafa ta. Matan da aka bari a Sambisa a farkon fim ba su shiga lissafi ba.

Fim na biyu, Wakanda Forever, ya fito a Nuwamban 2022, bayan rasuwar Chadwick Boseman da ciwon daji a watan Agustan 2020 yana da shekara 43. Ya fi na farko tsawo da nauyin jiki, makoki ya mamaye shi, amma ya fi shi ƙarfin hali a kan Sahel: ya nuna sojojin haya masu magana da Faransanci sun kai hari wata cibiyar Wakanda a Ansongo ta ƙasar Mali don satar ma'adini, aka kamo su aka gurfanar a gaban Majalisar Ɗinkin Duniya. Abin ya yi wa Faransa zafi har ministan tsaronta na lokacin, Sébastien Lecornu, ya fito ya yi tir da fitowar a Fabrairun 2023. Wato Faransa ta ɗauki 'yan mintocin da aka taɓa sojojinta a matsayin maganar ƙasa.

Masu ba da labarin daga gida

Ba a rasa 'yan Najeriya da suka gwada ba. Nnedi Okorafor, wadda ta rubuta wa Marvel labaran Black Panther da na Shuri, ta ƙirƙiro wata jaruma mai suna Ngozi a 2017, ta ce 'yan matan Chibok ne suka zaburar da ita, sai dai a Legas ta ajiye labarin. Roye Okupe ya ƙirƙiro Malika, sarauniya mayaƙiya da ya gina a kan tarihin Amina ta Zazzau. Joel Kachi Benson ya je Chibok da kansa ya ɗauki Daughters of Chibok, wanda ya ci kyauta a bikin fina-finai na Venice a 2019, kuma uwa ce mai jiran 'yarta ya sa a gaba. The Milkmaid na Desmond Ovbiagele, wanda ya fito a 2020, yawancinsa da Hausa, aka ɗauka a Taraba, ya bi wata Bafulatana mai tallar nono da ke neman 'yar'uwarta a hannun masu tayar da ƙayar baya. Najeriya ta tura shi takarar Oscar. A cikinsa matan suna da suna, suna da kishi da wayo da kuskure, wata ma ta rungumi aƙidar waɗanda suka sace ta. Duk da haka, waɗanda suka kalle shi a Arewa ba su kai ko kusa da waɗanda suka kalli Black Panther ba.

Dalilin bai wuce kuɗi da hanyar rarrabawa ba, kuma nan ne maganar ta shafi masu riƙe da fayil a Abuja. Hukumar Fina-finai ta Najeriya tana Jos da makarantarta. Hukumar Raya Arewa Maso Gabas tana da hedikwata a Maiduguri. A 2023 an ware wa fasaha da al'adu da tattalin arzikin ƙirƙira ma'aikata ta musamman. Amma shirin gina dandalin shirya fina-finai a Kofa ta Jihar Kano ya mutu tun 2016 bayan adawar da ya fuskanta, kuma Kannywood, wadda ke da 'yan wasa da masu kallo da harshen, ta fi sakewa a falo da labarin aure, wani ɓangare don kasafinta bai kai na daji da motoci ba, wani ɓangare don taɓa wannan batu yana da haɗari ga mai shiryawa. Waɗanda suka tsira daga dajin kuwa suna tsufa, wasu na rasuwa, da labaransu a baki.

A garuruwa irin Konduga, fim kan iso ne ta wayar hannu, ta katin memori da ake turawa a shagon caji, ko ta gidan kallo mai rufin kwano da janareta, inda ake biyan kuɗi kaɗan a zauna a benci. A irin wannan gidan kallo ne, a Mandarari da ke ƙaramar hukumar, matasa suka taru kallon ƙwallo a daren Lahadi 16 ga Yuni, 2019, lokacin da 'yan ƙunar baƙin wake uku suka iso. Mutum 30 suka rasu.